Bin sawun zafin 406 ɗin Baba

Asabar, 16 ga Maris, 2024

Yau ne karo na uku, shi ya sa na ɗauko biro. Wajen ƙarfe uku da rabi na rana, ina cikin cunkoson Kantin Kwari, allurar zafi ta bar kan 90 inda na saba ganinta, ta fara hawa a hankali har ta wuce 100 ta doshi ja. Gabana Adaidaita, bayana mai baro, babu inda zan ratse. Na kashe esi, na sauke gilasai, na murɗa hita zuwa ƙarshe don ta janye zafi daga inji ta watso mana cikin mota. Yau shida ga azumi, maman yara na gefena, gumi na bin haɓarta, ba ta ce komai ba sai salati. Da hanya ta buɗe muka ɗan yi gudu, cikin minti biyu allura ta koma mazauninta kamar ba ita ba.

Motar Peugeot 406 ce ƙirar 1998, mai inji 1.8 da fanka biyu a gaba. Baba ya saye ta 'yar Kwatano, ya riƙe ta shekaru yana tattalinta, da Allah ya yi masa rasuwa ta faɗo rabona. Ban shirya rabuwa da ita ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kan injin nan na alminiyom ne, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa shi ta ƙona gaskit, shimfiɗar da ke like tsakanin kan injin da gangar jikinsa.

Daga yau duk ranar da na hau ta zan rubuta lokaci, wuri, ko esi na kunne, da inda allura ta tsaya.

Laraba, 20 ga Maris

Na kai ta gareji da safe. Oga ya buɗe bonet, ya tayar da ita, muka tsaya kusan minti arba'in. Allura ta hau kaɗan, fankoki biyu suka tashi tare, ta sauko. Sau uku suna yin haka a gabanmu, lafiya lau.

Ya goge hannu ya ce, "Malam, ni ban ga ciwo ba. Amma in kana son kwanciyar hankali, a cire tamostat, bawul ɗin nan da ke tsare ruwa sai inji ya ɗumama, a haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli ta tashi. Duk motocin garin nan haka ake yi musu. Tamostat na ƙasar sanyi ne."

Na ce masa, "Oga, a yi mini haƙuri tukuna."

Ba don na fi shi sanin mota ba, shekara ashirin yake cikin sana'ar. Dalilina biyu ne. Injin nan kwamfuta ke auna masa mai, kuma muddin ta ji shi da sanyi ƙara masa fetur take yi. Ba tamostat, safiyar hunturu sai ka je Kura daga Kano bai gama ɗumama ba, ga shi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita sai an lissafa ta. Na biyu, wanda ya fi damuna: motar nan ta yi shekaru a Kano da tamostat ɗinta ba ta taɓa tafasa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ya canza a 'yan makonnin nan, in aka rufe shi da haɗin kai tsaye yana nan yana jira na a hanyar Zariya.

Lahadi, 24 ga Maris

Na fara da abin da nake iya dubawa da kaina a ƙofar gida, da asuba bayan sahur, inji na sanyi ƙalau.

Ruwa ya ragu da kamar rabin kofi daga inda na cika shi. Launinsa ba kore ba ba ja ba, ruwan ƙasa-ƙasa, domin na san an daɗe ana ƙara masa ruwan burtsatse da na leda duk lokacin da ya ragu. Murfin baƙin mai tsaf yake, babu farin kumfan nan mai kama da madara. Sandar auna mai ma haka. Na matsa babban tiyo na sama, laushi gare shi, ba iskar da ta kwana a ciki. Na tayar da ita murfi a buɗe na zuba ido a bakin ruwan, ban ga kumfa na tasowa ba. Salansa ba farin hayaƙi. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai game da gaskit.

Murfin lagireto kuwa ya gaji. Robarsa ta bushe ta tsage wuri biyu, ga farin gishiri-gishiri ya bushe a wuyan tankin, alamar ruwa ya sha fita ta nan. A kansa an buga 1.4, wato ma'aunin matsin da yake iya riƙewa. Mutane na ɗaukar murfin nan kamar marfin tukunya, alhali aikinsa ya wuce haka. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Kano ma bai kai nan ba, wajen 98 da ɗoriya, saboda muna kan tudu. Idan murfi ya riƙe matsin nan na 1.4, sai ruwa ya kai kusan 126 kafin ya tafasa. Murfi mai yoyo na nufin injin da ya kai 105 a cunkoso ya riga ya fara tafasa a ciki, tururi kuwa ba ya ɗauke zafi kamar ruwa.

Alhamis, 28 ga Maris

Na shiga Kofar Ruwa na sayo sabon murfi. Mai shagon ya fara miƙo mini wani mai lamba 0.9, ya ce duk ɗaya ne. Na ce a duba mini mai 1.4, ya shiga ciki ya fito da shi. Kayan Peugeot ba sa wuya a Arewa, tun 1975 da aka fara haɗa motocin a Kakuri ta Kaduna makanikai da 'yan kasuwa suka saba da su.

Kwana goma sha biyu ke nan allura ba ta sake doshin ja ba. Na fara jin kamar an gama.

Talata, 2 ga Afrilu

Ba a gama ba. Ƙarfe biyar da kwata, a 'Yankura, mutane na ta sayayyar buɗa-baki, ta sake hawa. Wannan karon har jar fitilar STOP ta kama. Na samu na lallaɓa gefe na kashe. Nan da nan mutane suka taru, wani bawan Allah ya zo da ledar ruwa biyu yana cewa in buɗe murfi ya zuba. Na gode masa, na ce a bari ta huce. Na taɓa ganin yaron gareji da ruwan lagireto ya saɓule wa fatar hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa, ban manta ihun da ya yi ba. A nan na sha ruwa, da dabino uku da wani mai shago ya miƙo mini, Allah ya saka masa.

Da daddare na shimfiɗa abin da na rubuta na kwana goma sha bakwai. Hawa huɗu ne gaba ɗaya, har da biyu na farko da na rubuta daga ƙwaƙwalwa. Dukansu a tsaye ko a tafiyar kura, dukansu bayan azahar, dukansu esi na kunne. Ko sau ɗaya ba ta yi a buɗaɗɗiyar hanya ba. Amma akwai ranaku tara da na shiga cunkoso iri ɗaya, da rana iri ɗaya, ba ta yi komai ba.

Na kuma lura da wani abu da na rubuta sau biyu ban ba shi muhimmanci ba: kafin allura ta fara hawa, esi kan daina sanyi ya koma hura iska mai ɗumi. Lagireton esi yana gaban na ruwa, iska ɗaya ke ratsa su. In duka biyun sun rasa sanyi a lokaci guda, to iskar ce ta ɗauke. A gudu iskar hanya ke yin aikin, a tsaye kuwa fanka kaɗai ce. Da famfon ruwa ne ko toshewar lagireto daga ciki, da a gudu da hawan tudu za ta fi nuna hali, lokacin da inji ke aiki tuƙuru.

Kuskuren da na yi yau: na kashe inji kafin in leƙa fankokin. Da na duba da na gani.

Asabar, 6 ga Afrilu

Wannan ranar ɓata ce, kuma ni na jawo. Duk da lissafin da na yi ranar Talata, launin ruwan nan ya tsaya mini a rai, na kai ta wurin mai wankin lagireto. Ya zare tiyon ƙasa, ya zuba ruwa da matsi, laka ja ta yi ta fita har ta koma fari. Na sa ya ciro tamostat, muka jefa shi a tukunyar mai shayin da ke gefe, wanda ke dafa ruwa don masu buɗa-baki. Kafin ruwan ya tafasa ya buɗe baki sosai, da aka tsamo shi ya huce ya rufe ruf. Lafiyarsa ƙalau, aka mayar da shi. Na zuba ruwan lagireto na galan mai launi, wanda ke hana tsatsa.

Ban yi kilomita biyar ba allura ta fara rawa, ta hau 100, ta faɗo 80, ta sake hawa. Na kunna hita, iska mai sanyi ke fitowa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan gaskit ya tafi.

Oga na kira a waya. Ya ce, "Ya fitar mata da iska?" Na ce ban ga ya yi ba. Ya ce, "To kawo ta a hankali, kada ka taka."

Ashe motar nan ba a cika ta da ruwa haka kawai a rufe. Bakin zuba ruwanta bai fi wasu sassan injin tudu ba, saboda haka iska kan maƙale a sama. Oga ya yanke gindin gorar ruwa, ya naɗe bakinta da tef, ya kafa ta a bakin tankin ta zama mazurari mai tsawo, ya cika ta. Sai ya bi ƙananan mafitan iska yana kwancewa ɗaya bayan ɗaya, na saman lagireto, na gidan tamostat, da na jikin tiyon hita wanda murfinsa ke kama da na bawul ɗin taya. Kowanne ya yi ta tsartuwa da huci, sai da ruwa ya fito santal ba kumfa ya ɗaure. Ruwan gorar ya sauka fiye da lita ɗaya. Allura ta zauna daram, hita ta dawo da zafinta.

Na koyi wannan, amma ya kusa rikita mini lissafi, domin na ƙara sabon ciwo a kan wanda nake nema.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba. Jiya muka je Zariya gaida Inna, yau muka dawo. Mutum biyar da kaya, esi a kunne, rana tsaka, ta Kwanar Ɗangora da Tashar 'Yari. Allura ba ta ɗaga daga 90 ba, zuwa da dawowa. Da muka iso gida na duba ruwa bayan ta huce, yana kan alamar da na yi da jan biro.

Injin da gaskit ɗinsa ya ƙone ko famfonsa ya lalace ba zai yi wannan tafiya haka ba. Na ji daɗi, musamman da yake famfon ruwan injin nan bel ɗin tamin ke juya shi, canza shi aiki ne babba.

Na gaya wa ƙanena, wanda ke yawan raka ni kasuwa, cewa duk ranar da allura ta fara hawa ba za mu kashe ba. Shi zai zauna a sitiyari, ni zan fita in duba.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Mun kama shi.

Ƙarfe huɗu saura, kusa da Kofar Mata. Esi ya fara ɗumi, na ce wa ƙanena, "Ga shi nan zuwa, matso." Na ratse gefe, na bar inji da esi a kunne, na ɗaga bonet na leƙa. Fankoki biyu a tsaye cik. Allura na kan 100, ya kamata a ce tuni suna juyawa, domin kunna esi kaɗai ya isa ya tayar da su a ƙaramin gudu, balle zafi ya kai wajen 97.

Na tsaya ina kallo, zuciyata na bugawa. Can na ji ƙas daga akwatin rile, wato makunnan da ke ba fankoki wuta, fankar dama ta tashi da ƙarfi tana gurnani. Ta hagu ko motsi. Na ɗauko sukudireba na ɗan ƙwanƙwasa bayan motarta, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, da ƙotar, sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta zabura ta kama juyi. Cikin minti uku allura ta sauko, esi ya dawo da sanyinsa. Ƙanena ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, me ka taɓa?" Na ce, "Ɓarawon na taɓa."

Wata guda da kwana biyu ina nemansa. Na tsaya a bakin titi ina ta hamdala, masu Adaidaita na yi mini hon.

Asabar, 20 ga Afrilu

Wurin mai wayarin na wuni, wani dattijo mai gilashi wanda ba ya gaggawa. Na ba shi labari tun daga farko, ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa.

Ya ce fankokin nan gudu biyu gare su, kuma rile uku ke sarrafa su, suna cikin ƙaramin akwati a tsakaninsu. A ƙaramin gudu wuta kan shiga ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, kamar ɗinki ɗaya, kowacce ta samu rabin wutar batir, wajen bolt shida-shida. A babban gudu rile kan raba su, kowacce ta sha bolt goma sha biyu nata. Saboda haka idan ɗaya ta yanke daga ciki, a ƙaramin gudu duka biyun ne za su mutu, ko da ɗayar lafiyarta ƙalau. Sai zafi ya haura sosai babban gudu ya shigo, lafiyayyar ta tashi ita kaɗai, a lokacin kuwa an riga an makara, fanka ɗaya ba ta iya ja da ranar Afrilu da esi a cunkoso.

Ya nuna mini wata dabara. A gidan tamostat akwai na'urorin jin zafi uku, mai soket kore na kwamfuta, shuɗi na allura, mai ruwan ƙasa na fanka. Ya zare mai ruwan ƙasan inji na aiki, nan take fankoki suka tashi da babban gudu, domin an tsara su in sun daina jin labarin zafi su ɗauka mafi muni ne. Da wannan ake gwada rile da wayoyi ba sai an jira inji ya yi zafi ba.

Sai ya kwance motar fankar hagu ya buɗe ta a kan buhu. Baƙin gari ya zubo. Gawayin da ke goga wuta a jikin tagulla, wanda suke kira burushi, ɗaya ya cinye saura kamar ƙwayar shinkafa, sifirin da ke tura shi ya miƙe iya miƙewa. Tagullar kuma ta yi baƙi a wuri guda, ta ɗan lotsa. Ya juya ta da yatsa yana auna ta da mita: nan wuta na wucewa, nan na wucewa, nan babu.

Ya ce, "Ka gani, ɗana? Ya danganta da inda ta tsaya. In ta tsaya a wuri mai kyau, gobe ta tashi. In ta tsaya a kan wannan tabon, sai an girgiza ta. Ramin titi ma kan tayar da ita, shi ya sa in ka kawo ta gareji take aiki."

Wannan ya warware mini ranakun nan tara da ba ta yi zafi ba. Na ce, "Baba, da an haɗa ta kai tsaye fa?" Ya ce da ɗan sauran gawayin ya ƙare cikin 'yan makonni, wata rana ta mutu gaba ɗaya, ni kuma hankalina kwance ina cewa ai fanka na aiki.

Shekara ashirin da shida tana juyawa cikin ƙura. Ban ga laifinta ba.

Ya ba ni zaɓi, ya sa mata sabon gawayi ko in nemo ta Kwatano. Saboda lotsawar tagullar na zaɓi ta Kwatano, muka gwada ta da batir a shagon sau goma, muna tsayar da ita a wuri daban-daban kafin in biya. Ta dama kuma ya buɗe ta ya canza mata gawayi, tun da tsararta ce. Soket ɗin rile ɗaya ya yi duhu, robarsa ta ɗan narke, ya canza shi da rilen.

Da ya cire gidan fankokin ne muka ga wani abin da ban zata ba. Na haska tocila tsakanin lagireton esi da na ruwa, ƙasan wurin cike yake da ƙurar hunturu da ta dunƙule, da gashin kaji, da ganyen darbejiya, da guntun baƙar leda da ta manne ta rufe wuri kamar tafin hannu biyu. Daga waje ba a gani, mai wanki ma cikin lagireto ya wanke, bai raba su ba. Muka sassauta na ruwan muka karkatar da shi, aka hura iska daga baya, aka bi da ruwa ba matsi don kada siraran fikafikan su lanƙwashe.

Asabar, 27 ga Afrilu

Mako guda ina neman ta da faɗa. Da gangan nake shiga Kantin Kwari da 'Yankura da Bata tsakanin biyu da biyar, esi a kunne. Ranar Laraba na tsaya minti hamsin a layin mai ban kashe ba. Allura kan ɗan leƙa sama da 90, in ji fankoki sun sauya murya, ta koma. Babban gudu sau biyu kawai na ji ya shigo.

Na koma wurin Oga na nuna masa tsohuwar motar fankar. Ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallon tabon, ya kira yaransa biyu ya ce su zo su gani.

Lahadi, 5 ga Mayu

Zafi bai dawo ba. Amma yau da asuba ruwa ya sauka ƙasa da alamar jan biro da kamar faɗin ɗan yatsa. Mai yiwuwa sauran iska ce ta fita bayan karkatar da lagireto da muka yi. Mai yiwuwa kuma ranar 'Yankura, da jar fitila ta kama, ta bar wa gaskit rauni wanda bai gama bayyana ba. Murfin baƙin mai tsaf, tiyo da laushi, na ciro fulogi huɗu duk launinsu ɗaya, babu wanda ya yi fari tas kamar an wanke shi da tururi. A ƙasan kafet ɗin gaba ma na shafa, a bushe yake.

Na cika zuwa alama, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta don in ga ko wani abu na ɗiga da dare. Oga ya ce akwai wani a Kofar Ruwa mai famfon gwada matsi, wanda ake ɗaurawa a bakin tanki a hura zuwa 1.4 a ga ko allurarsa za ta sauka. Ranar Asabar zan kai ta, da sassafe, inji na sanyi.